Yadda ake kama tsohon bairos mai ɓuya a fayil da faifan fulofi, a fitar da shi ba a yi asarar kaya ba

Kwanakin baya wani abokina ya kawo min tsohuwar kwamfuta irin 486 ɗin nan mai nauyin tsiya, da kwali guda cike da faifan fulofi, wai akwai takardun mahaifinsu a ciki suna so a ciro kafin injin ya ƙarasa mutuwa. Na kunna, DOS, tsohuwar manhajar da ke tafiyar da injin, ya tashi lafiya lau, na buga DIR mai jero sunayen fayiloli komai daidai, na leƙa sektan farko, wato ɗan yankin farko na babban faifai, da wani ɗan furogiram shi ma tas kamar yau aka yi shi. Har na fara cewa ai wannan aikin minti goma ne. Sai da na buga CHKDSK, umarnin duba faifai da memori, na ga jimillar memori ta nuna 653,312 maimakon 655,360, a nan jikina ya ba ni akwai baƙo a gidan, wato bairos. Bayit 2,048 ba sa ɓata haka kawai.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne injin da ya kamu da irin wannan bairos ba a tambayarsa lafiyarsa, don duk amsar da zai ba ka ta bakin bairos ɗin take fitowa. Duk matakan da za su biyo baya a kan wannan magana ɗaya suke tsaye. Amma bari mu fara ganin yadda yake shiga, don in ba ka gane hanyar shigarsa ba to za ka yi ta sharewa yana dawowa har ka fara zargin aljanu.

Yadda yake shiga ta fulofi

Idan ka danna makunni, BIOS, ɗan furogiram ɗin da ke cikin injin mai fara tayar da shi, ba ya sanin DOS ko wani abu, aikinsa kawai ya je faifan farko a jerinsa ya karanto sekta na farko, bayit 512 cif, ya duba ko ƙarshensa akwai alamar 55 AA, ya zuba shi a memori a adireshin 7C00 ya miƙa masa ragama. Ba ya tambayar wa ya rubuta shi. A kwamfutocin wancan lokacin kuwa faifan farko a jeri shi ne A:, wato fulofi. To ga inda mutane da yawa suke shan kashi: kowane fulofi da aka yi wa fomat yana da wannan sektan tashi, ko da ba shi da DOS a ciki, ko da wasiƙa ɗaya ce tak a cikinsa, ko ma babu komai. Saƙon nan da yake fitowa idan ka manta fulofi a ciki ka kunna, "Non-system disk or disk error", ai ɗan furogiram ɗin da ke cikin sektan ne yake rubuta shi a allo. Kenan lokacin da idonka ya ga saƙon, abin da ke cikin sektan ya riga ya yi aiki ya gama. Ka zare faifan ka danna maɓalli kana ganin ba abin da ya faru, alhali an riga an shiga.

Da zarar ya samu ragama abu uku yake yi cikin ƙiftawar ido. Na farko ya nemi wurin kwana. Akwai wani gurbi a adireshin 0040:0013 inda BIOS yake rubuta yawan memori, yawanci KB 640, sai bairos ya rage ɗaya ko biyu ko fiye, ya kwashe kansa ya koma can sama inda ya yanke, DOS kuma idan ya zo zai ɗauka iyakar memorin kenan ba zai taɓa taka wurin ba. Wannan ne KB biyun da suka ɓace min. Na biyu ya tare hanya. A farkon memori akwai jerin adireshi 256 da furogiram ke bi idan yana neman wata hidima, mai lamba INT 13h shi ne na karanta faifai da rubuta masa, sai ya goge adireshin gaskiya ya sa nasa ya adana na gaskiyan a aljihu, daga nan duk wanda ke son magana da faifai sai ta hannunsa. Na uku ya kwafi kansa zuwa sekta na farko na babban faifai wanda ake kira MBR, ya ɗauke na asalin ya ajiye a wani sektan da ba kowa, sannan ya karanto na asalin ya bar shi ya ci gaba da tashin kwamfuta kamar kullum.

Daga ranar ko fulofi ba ya buƙata, kullum ka kunna shi ne na farkon tashi, ya riga DOS ya riga antibairos. Kuma duk fulofin da ka saka ba a kulle ba, ko DIR A: kawai ka buga, ya samu rabonsa.

Inda yake ajiye sektan asali shi ma yana jawo ɓarna ko da marubucin bai nufa ba. Bairos ɗin Stoned da ya fito daga New Zealand a 1987 yana ajiye MBR na asali a sekta na 7, a fulofi kuma gefe na 1 sekta na 3. A faifai mai 360KB wannan wurin ƙarshen jerin sunayen fayiloli ne, da wuya a cika shi, amma da manyan faifai suka zo sai wurin ya faɗa tsakiyar jerin, sai mutum ya ga sunayen fayilolinsa sun koma shirme ko sun ɓace. Shi Stoned na farko bai iya ɓuya ba ma, jikokinsa ne suka koya.

Ita ɓuyar ga yadda take, kuma wallahi dabara ce mai sauƙi har ta ba ka haushi. Ka ce a karanto maka sekta na farko, buƙatar ta bi ta INT 13h, bairos ya ga abin da kake nema, sai ya je inda ya ɓoye na asalin ya miƙo maka shi. Ungulu da kan zabo. Brain ne ya fara wannan a kwamfutocin IBM a 1986, wasu 'yan'uwa biyu Basit da Amjad Farooq Alvi suka rubuta shi a Lahore ta Pakistan, har da sunansu da adireshin shagonsu da lambar waya a ciki. Yana kama fulofi mai 360KB, ya sa wa wasu sektoci shida alamar sun lalace a cikin FAT, taswirar da ke nuna inda kowane fayil yake a faifai, don kada DOS ya rubuta komai a kansu, ya zuba sauran jikinsa da sektan asali a can. Abin dariyar shi ne bayan duk wannan ɓuyar sai ya canza sunan faifan zuwa Brain da alamar haƙƙin mallaka a gaba.

Yadda yake shiga fayil

Masu kama fayil su INT 21h suke tarewa, ƙofar DOS kenan, ta nan ake buɗe fayil, a karanta, a rufe, a tayar da furogiram, a jero sunaye. Idan furogiram ɗin mai ƙarewa da COM ne abin ba wuya, tunda COM daga bayit na farko yake fara aiki, sai bairos ya manna jikinsa a ƙarshen fayil, ya ɗauke bayit uku na farko ya adana, ya sa umarnin tsalle zuwa wurinsa. Ka tayar da furogiram, ya yi tsalle gun bairos, ya gama abin da zai yi, ya mayar da bayit ukun a memori, furogiram ya ci gaba kai ba ka san an yi ba. Idan EXE ne akwai kai a farkonsa mai farawa da haruffan MZ wanda ke faɗin inda aiki zai fara da girman fayil, sai ya gyara waɗannan lambobin su nuno shi.

Matsalarsa ɗaya, fayil ya ƙara girma. To a nan mai ɓuya ya bambanta da gama-gari. Ɗauki Frodo wanda ake kuma kira 4096, ya bayyana a Isra'ila wajen 1989 zuwa 1990, yana ƙara bayit 4,096 a kowane fayil. A ce furogiram ɗinka bayit 20,000 ne, a faifai ya koma 24,096, amma idan ka buga DIR yana memori sai ya tare amsar ya cire 4,096 ya nuna maka 20,000. Ta yaya yake gane nasa? Yana ƙara shekara 100 a kwanan watan fayil. DOS yana iya ƙirga shekaru daga 1980 har 2107 amma DIR lamba biyu kawai yake nunawa, don haka 1990 da 2090 duk 90 ne a idonka. Wasu kuma irin Vienna daƙiƙa suke mayarwa 62, lokacin da babu shi a agogo kuma DIR ba ya nuna daƙiƙa. Frodo bai tsaya a girma ba, idan wani furogiram ya buɗe fayil ɗin don karantawa tsaftataccen yake ba shi, shi ya sa ko ka gwada shi da kwafin asali bayit da bayit sai ka ga sun yi daidai.

Akwai kuma masu ƙafa biyu, su kama MBR su kama fayil, irin Tequila na Suwizalan a 1991 da One_Half na Sulobakiya a 1994 da Natas. Waɗannan in ka share gefe ɗaya ka bar ɗaya tsugune ba ta ƙare ba, fayil ɗaya da ya rage zai sake kama MBR gobe da safe.

To yanzu aiki.

Mataki na farko, tsaya cak ka kulle faifai

Kada ka sake saka wani fulofi, kada ka yi sikanin da antibairos, kuma don Allah kada ka buga CHKDSK /F. Na san hannu yana ƙaiƙayi idan CHKDSK ya ce ya ga kurakurai, amma kurakuran ƙarya ne, girman da bairos ke faɗi ne bai yi daidai da abin da FAT ya rubuta ba, in ka ce ya gyara sai ya yanke fayilolin da gaske. Sikanin kuma haɗarinsa ya fi haka, akwai masu kama duk fayil ɗin da aka buɗe ba sai an tayar da shi ba, Dark Avenger na Bulgeriya ya yi suna a kan wannan, kenan sikana tana bi fayil ɗaya bayan ɗaya tana buɗewa shi kuma yana biye da ita yana kamawa, ka gama sikanin duk injin ya kamu da hannunka.

Sai ka zauna da kwalin faifan ka kulle su duka. Mai inci 3.5 akwai ɗan makulli a kusurwa ta baya, ka tura shi har ramin ya buɗe kana hango haske ta ciki, buɗaɗɗen rami shi ne a kulle. Mai inci 5.25 akasin haka ne, akwai ɗan yanka a gefe, rufe shi ake yi da salatif marar haske. Mutane suna juya waɗannan biyun kullum. Wannan kullin injin karanta faifan ne da kansa yake kiyaye shi, ba manhaja ba, saboda haka babu wayon bairos da ke tsallake shi muddin injin lafiyarsa ƙalau.

Mataki na biyu, haɗa faifan tashi mai tsabta a wani injin daban

A wani injin fa, ba wannan ba, wanda ka haɗa a mai cutar ya kamu tun kafin ka zare shi. Idan kana da wata kwamfutar DOS da ka yarda da ita, sa sabon fulofi ka buga FORMAT A: /S, sannan ka kwafa FDISK.EXE da SYS.COM da FORMAT.COM da CHKDSK.EXE da MEM.EXE da ATTRIB.EXE da XCOPY.EXE a kai, duk daga DOS iri ɗaya da wanda ke faifan in ba haka ba za su ce maka "Incorrect DOS version". Ya fi kyau kuma ya zama irin DOS ɗin da ke kan injin mai cutar. In ba ka da tsohon inji, samo hoton faifan tashi, wato kwafinsa sukutum a fayil ɗaya, na FreeDOS ko na MS-DOS ka rubuta shi a fulofi da injin fulofi mai USB daga kwamfutar zamani. Ka duba kada CONFIG.SYS ko AUTOEXEC.BAT na faifan su kira wani abu daga C:, ni dai gaba ɗaya nake cire su. A wani faifan kuma ka sa sikana ta DOS, ni F-PROT nake so, na Friðrik Skúlason ɗan Iceland, don yana faɗin takamaiman sunan bairos ba kame-kame ba. MSAV da ya zo da DOS 6 a 1993 ya tsufa da yawa, abin da ya fito bayansa bai san shi ba. Ka gama, ka kulle su.

Mataki na uku, kashe wuta gaba ɗaya

Ba Ctrl+Alt+Del ba. Akwai masu tare kibod su yi maka wasan kwaikwayo kamar injin ya sake tashi alhali suna nan zaune, Joshi yana cikinsu. Kashe makunni, ɗan jira, ka kunna ka shiga saitin CMOS, wato saitin BIOS, ka tabbata A: ne farko a jerin tashi, ka kuma tabbata an rubuta irin injin fulofin daidai. Wannan na biyun ba tsoro ba ne kawai, Exebug yana shiga CMOS ya ce babu A: sam, sai injin ya tashi daga babban faifai, bairos ya hau, sannan ya juyo ya karanta fulofinka kana ganin fitila tana ci kana murna ka tashi da tsabta. Gyara saitin, sa faifanka, bari ya tashi har ka ga A:\>. Daga nan kada ka tayar da komai daga C:, ko EDIT ne.

Mataki na huɗu, gwada abin da ka gani da abin da kake gani yanzu

Wannan ne wurin daɗin aikin. Buga CHKDSK daga A: ka duba jimillar memori, in ta dawo 655,360 bayan da ta nuna ƙasa da haka to ka kama shi dumu-dumu. Amma ka lura, wasu BIOS suna cin KB ɗaya don amfanin kansu, sai ka ga 654,336 ko da tsabta ka tashi, wannan ba cuta ba ce, bambanci tsakanin tashin biyu shi ne hujja ba lambar kanta ba.

Sai DIR C:. Duba girman furogiram ɗin da ka san girmansu. COMMAND.COM na MS-DOS 6.22 bayit 54,645 ne kuma lokacinsa 6:22 yake nunawa, na 5.0 kuma 47,845, in ka ga ya haura to an taɓa shi. Idan furogiram da yawa duk sun ƙaru da adadi iri ɗaya, wannan adadin kusan sunan bairos ɗin ne, 4,096 Frodo, 3,544 One_Half, 4,744 Natas.

In kuwa ka buga DIR C: ya ce "Invalid drive specification", kada hankalinka ya tashi kuma kada ka taɓa komai. Kayanka suna nan. Ko dai faifan yana da manhajar da ke taimakon tsohon BIOS ganin faifai mai girma fiye da 504MB irin Ontrack Disk Manager ko EZ-Drive wadda ita ma a MBR take zaune, ko kuma kana tare da bairos irin su Monkey. Zan dawo kansa.

Mataki na biyar, kwashe kaya kafin gyara

Takardu da hotuna da duk abin da ba furogiram ba, kwashe su tukuna da COPY ko XCOPY zuwa faifai sababbi, ko mafi kyau ka ciro babban faifan ka jona shi a kwamfutar zamani da adafta ka ɗauki hotonsa sukutum. In C: ba ya ganuwa da tsabta, ko kana zargin One_Half, dole ka yi abin da ya saɓa wa hankali: ka tashi daga babban faifan da bairos ɗin a memori ka kwashi takardun, don shi ke riƙe da makullin. Faifan da ka kwashe a kansu za su kamu, ba komai, ka rubuta musu alama, za a share su daga baya.

Mataki na shida, san sunansa kafin ka ɗaga masa hannu

Daga A: ka tayar da F-PROT /HARD, ba tare da umarnin gyara ba, ya duba ya faɗi abin da ya gani kawai. Rubuta sunan a takarda. Sunan ne zai gaya maka ko maganin da kowa ya sani zai yi aiki ko zai kashe majinyacin.

Maganin da kowa ya sani shi ne FDISK /MBR, yana nan tun DOS 5. Abin da yake yi shi ne ya sake rubuta bayit 446 na farko na MBR inda umarni yake, ya bar bayit 64 na taswirar rabon faifai yadda ya same su. Idan bairos ɗin ya bar taswirar a wurinta, shi kenan an gama da shi cikin daƙiƙa ɗaya. Amma Monkey da ya fito daga Edmonton ta Kanada a farkon shekarun 1990 ba ya barinta, yana rikita MBR na asali da taswirar duka ya ɓoye a sekta na 3 ya shimfiɗa jikinsa a wurin, shi ya sa C: ke ɓata idan ka tashi da tsabta. Ni na taɓa yin wannan ganganci tun ina sabon shiga, na ga C: babu, na ce ai FDISK /MBR ne maganinta, na buga, na kunna, injin ya ƙi tashi daga babban faifai kuma daga fulofi ma C: babu, na kashe mai fassarar na bar rubutun da ba mai iya karantawa. Garin gyaran gira na kusa rasa ido, sai da aka warware kwafin da ke sekta na 3 aka mayar sannan kaya suka dawo, ranar ban yi barcin kirki ba.

One_Half ya fi Monkey mugunta. Duk tashin kwamfuta yana rikita silinda biyu, wato zagaye biyu na rubutu, daga ƙarshen faifai yana tahowa, idan ka nemi abin da ke wurin ya warware maka nan take ba ka san komai ba, sai ya kai rabi ya rubuta "Dis is one half." a allo. Makullin warwarewar a MBR yake. Ka goge MBR, ka goge makulli, duk abin da ya rikita ya tafi. Wannan sai kayan aikin da aka yi dominsa wanda zai warware faifan tukuna sannan ya cire shi.

Saboda haka ƙa'idata ita ce ba na buga FDISK /MBR sai abu uku sun cika: na tashi da tsabta, DIR C: ya nuna fayiloli daidai, kuma na san sunan bairos ɗin na san ba mai rikita faifai ba ne. In da Disk Manager ko EZ-Drive a injin ma ba na bugawa. In sikana ta san shi, bar ta ta yi da kanta da F-PROT /HARD /DISINF, ta san inda kowanne ke ɓoye na asali. Wanda kuma ya zauna a sektan tashi na DOS ba MBR ba, irin Form, SYS C: daga faifanka mai tsabta ne maganinsa. Wani abin da ke ba mutane mamaki, FORMAT C: ba ya taɓa MBR, sai mutum ya share duk kayansa don fushi ya sake sa DOS, bairos yana nan daram.

Mataki na bakwai, fayiloli

Furogiram da ya kamu in kana da faifansa na asali goge shi ka sake sawa, ya fi gyara, don gyaran sikana wani lokaci yana barin fayil da tabo ya riƙa maƙalewa. Wanda ba ka da madadinsa ne za ka bari ta gyara, bayan ka ajiye kwafi. Kada ka manta da OVL da SYS da ɓoyayyun fayiloli, da abin da ke cikin ZIP da ARJ. Akwai wata tsohuwar dabara mai ban dariya da ake yi wa Frodo, tunda tsaftatacce yake miƙa wa mai karantawa, sai a bar shi a memori a matse furogiram ɗin cikin ZIP, a tashi da tsabta a kwance su, sun fito ba shi, ya wanke kansa da kansa. Tana aiki ga mai cikakkiyar ɓuya kawai, kada ka dogara da ita in ba ka san wa kake tare da shi ba. Ka gama, kashe wuta, sake tashi daga A:, sake sikanin, sai ya fito tas sau biyu.

Mataki na takwas, kwalin fulofi, ɗaya bayan ɗaya

Nan ne gajiya take kuma nan ne kowa ke yin ha'inci, a duba goma a ce sauran ma lafiya. Kowanne sai ka duba shi yana kulle. Wanda ya kamu, kwashe fayilolinsa da COPY, ba DISKCOPY ba, shi DISKCOPY sekta-sekta yake kwafa har da sektan tashi, ya kai maka cutar sabon faifai. Sannan ka buɗe makullin ka buga FORMAT A: /U, ko in faifan ya fara ƙara yana kurakurai ka jefar kawai.

Gaskiya ni yanzu a Linux nake yin wannan ɓangaren, don ya fi sauri kuma bairos ɗin DOS ba shi da bakin yin ƙarya a can, ba ya memori, ba wanda ke bi ta INT 13h ɗinsa. Jona injin fulofi mai USB, buga lsblk ka ga sunan da aka ba shi, a ce sdb, sai

dd if=/dev/sdb of=faifai01.img bs=512 conv=noerror,sync

ka duba da kyau kada ka juya if da of, ko ka sa sunan wani faifan, dd ba ya tambaya ba ya tausayi. Fulofi mai 1.44MB sekta 2,880 ne, hoton zai fito bayit 1,474,560. Sai xxd -l 512 faifai01.img ka kalli sektan tashi da idonka. Mai lafiya za ka ga sunan tsarin da ya yi fomat kusa da farko kamar MSDOS5.0, ka ga saƙon Non-System disk a fili kusa da ƙarshe, sai 55 AA. In saƙon babu, ko ka ga wani rubutu daban, ko duk shirme ne, ware shi gefe. Fayilolin kuma mcopy na cikin mtools zai ciro maka su daga hoton ba tare da an tayar da komai ba, sai ka bi su da sikanar clamscan. In kana son sanin suna ta VirusTotal, shafin intanet mai duba fayil da antibairos da yawa, yanko sektan farko kawai da dd if=faifai01.img of=but01.bin bs=512 count=1 ka tura shi, kada ka tura hoton duka da takardun mutane a ciki, abin da ka ɗora can wasu suna iya samunsa. Ka kuma ajiye hotunan inda antibairos ɗin kwamfutarka ba zai kwashe su ba, yana iya ganin tsohon bairos a sekta ɗaya ya tafi da hoton gaba ɗaya. Faifai mai inci 5.25 babu mai USB ɗinsa kai tsaye, sai tsohon injin karantawa da na'ura irin Greaseweazle ko KryoFlux.

Takardu su waɗannan bairos ɗin ba sa kama su, amma in ka ga DOC na Word daga 1995 zuwa sama ka sani akwai wani dangin daban masu shiga ta makro, wato ƙananan umarni da ake sakawa cikin takarda, Concept ne ya buɗe ƙofar, kada ka yarda makro ya tashi idan ka buɗe. In kuma sai ka tayar da wani tsohon furogiram don karanta takardun, yi shi a cikin 86Box ko DOSBox, masu kwaikwayon tsohuwar kwamfuta, da kwafi, kuma a DOSBox folda ɗaya tak ta gwaji za ka jona masa don yana rubutu a foldar gaske.

Abu na ƙarshe kafin ka rufe murfi, koma CMOS ka mayar da C: farkon jerin tashi, yadda ko an manta fulofi a ciki BIOS ba zai karanta sektansa ba. Bairos ɗin injin abokin nawa ɗaya daga cikin jikokin Stoned ne, C: yana ganuwa da tsabta, sikana ta mayar da MBR ba gardama, takardun duk sun fito sai biyu da ke kan wani faifan da ya yi fumfuna. Na gama kwalin na ɗaga injin zan mayar masa sai na ji wani abu yana motsi a injin fulofi na biyu, na B:, wanda ban ko kalla ba, na danna maɓallin sai ga faifai ya leƙo, ba lakabi, makullinsa a buɗe. Shi ma ya kamu.